Kurakuran da aka fi yi wajen bin asalin kalmomin Hittiyawa

Kuskuren da mai koyo ya fi faɗawa ciki shi ne ya ɗauka cewa duk abin da ya gani a kan allon yumɓu kalmar Hittiyawa ce, wato mutanen da suka kafa daula a zamanin da a yankin da yake ƙasar Turkiyya a yanzu. Magatakardan Hattusa, babban birninsu, wato Boğazkale ta yau, sukan rubuta kalma da alamar Sumeriyanci, wani tsohon harshe na yankin Iraƙi, amma su karanta ta da harshensu, shi ya sa masana ke buga irin waɗannan kalmomi da manyan baƙaƙe. Jimlar da masanin harsuna Bedřich Hrozný ya warware a 1915 ta isa misali: nu NINDA-an ezzatteni watar-ma ekutteni, ma'ana za ku ci gurasa, ku sha ruwa. Watar ta Hittiyawa ce, 'yar uwar Wasser ta Jamusanci, amma NINDA Sumeriyanci ce zalla, wanda kuwa ya nema mata dangi a Girkanci ya yi aikin banza. Gyaran shi ne a fara nemo allon da aka rubuta kalmar gaɓa-gaɓa, kamar yadda aka gano cewa LUGAL, wato sarki, ḫaššuš ake karanta ta.

Wani kuskuren shi ne raina harafin ḫ, a riƙa watsar da shi don kalmomi su yi kama. A ganina wannan ya fi muni, domin a nan ne darajar harshen take. Tun 1879 masanin harsuna Ferdinand de Saussure ya yi hasashen wasu sautuka da suka ɓace daga dangin harsunan Indiya da Turai, dangin da harshen Hittiyawa yake ciki, sai a 1927 wani masanin, Jerzy Kuryłowicz, ya nuna cewa Hittiyawa sun riƙe wasu daga cikinsu a harafin ḫ. Kalmar wuta, paḫḫur, ita ce pur a Girkanci, haka nan ḫant-, goshi ko gaba, ita ce tushen da ke cikin ante ta Latinanci.

Akwai kuma rikita aro da gado. Tuppi, allon rubutu, daga Akkadiyanci, harshen Babila da Assuriya, ta shigo, kamar yadda Hausa ta aro allo daga Larabci, saboda haka ba ta zama hujjar dangantaka ba.

Hatta sunan harshen yakan ruɗa mutane. Masu shi nešili suke kiransa, daga birnin Nesha, yayin da ḫattili harshen mutanen da suka tarar a ƙasar ne, wanda ba ya cikin dangin Indiya da Turai, don haka sai an tantance da wane harshe aka rubuta sashen allo kafin a kwatanta kalmominsa.