Kafin ka hau injin ɗaga mutum a sait, duba ƙasa tukuna

'Yan uwa masu aikin sait a Legas, masu fenti da walda da masu ɗaura allon talla, yanzu wurare da yawa maimakon a kafa sikafol, wato ƙarafan da ake harhaɗawa a hau gini, sai a ɗauko hayar injin ɗaga mutum, irin su Genie da JLG.

Akwai sizo lif mai ƙafa irin almakashi, a miƙe yake hawa ya sauko, mai batir ɗin na cikin sito ne inda daɓe yake sumul, kar ka fito da shi kan yashi. Sai bum lif mai dogon hannu, wani miƙaƙƙe wani mai gwiwa da ke tsallake rufi, sai na kan mota irin na masu gyaran fitilun titi.

Toh ƙasa ita ce matsalarmu a garin nan. Wajen Lekki da Ajah yashi ne da ciko, in damina ta sauka sama ta bushe amma ciki ruɓus, ga murfin gwata ga sokawe da ba ka san da shi ba, taya ɗaya ta nutse kaɗan kai da kake can sama sai ka ji kwandon da kake tsaye a ciki ya tafi da kai gefe. Taka wurin da ƙafarka ka tambayi mai gadi inda rami yake, shi ya fi kowa sani wlh. In mai ƙafafun tokare ne ka fitar da su duka, ka sa faranti ko katako mai kauri a ƙarƙashi.

Sannan ka ɗaga kai ka nemi wayar nefa. Babbar waya ba sai ka taɓa ta ba, wuta tana tsallakowa, kuma "ai an ɗauke wuta" ba hujja ba ce.

A bum dole ka sa bel ɗin tsaro da ake ɗaurawa a jiki, igiya gajera, ka maƙala a ƙugiyar cikin kwando, ba jikin gini ba. Karanta lambar nauyi, yawancin bum kilo 230 ne, kai da yaronka da bokitin fenti duk a ciki. Banda taka ƙarfen kwando ko kafa tsani a ciki. Iska ta wuce mita 12.5 a sakan, ko hadari ya taso daga teku, sauko ko da oga yana faɗa.

Ka bar mutum ɗaya a ƙasa, ka nuna masa maɓallin saukar gaggawa ya gwada a gabanka kafin ka hau.