Yadda Za Ka Binciki Kamfani Kafin Ka Sayi Hannun Jarinsa

Bayan kaka, da zarar an sayar da riɗi da shinkafa kuɗi sun zo hannu, masu tallar hannun jari sukan biyo mu har ƙauyukan Ringim da Haɗejia. Abin da ke damuna shi ne, manomin da ba ya sayen buhun gero sai ya zura hannu ya ji ko akwai danshi a ƙasa, shi ne kuma zai miƙa kuɗin guminsa saboda an nuna masa takarda mai sheƙi. Algus ɗin shugabannin kamfani ma haka yake, a baje riba a sama, a binne bashi a ƙasa.

Ka fara da tabbatar da cewa dillalin yana da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannayen jari, domin takardar CAC shaidar kafa kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba. Sunayen masu rajista suna shafin hukumar na intanet, ɗanka ma zai iya duba maka a waya.

Daga nan sai ka nemi rahoton kamfanin na shekara, ka zauna da wanda ya san lissafi, kuma kada ku tsaya a shafin riba. Ana iya kumbura riba a takarda ta hanyar rubuta cinikin da ba a biya ba, ko ƙara wa kayan sito darajar da ba su kai ba, amma tsabar kuɗin da suka shigo asusu suna da wuyar ƙirƙira. Idan riba tana hawa kowace shekara alhali kuɗin da ke shigowa suna raguwa, bashin da kamfanin ke bin mutane kuma yana taruwa, to hannunka ya taɓa danshi. A 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria da biliyoyin naira, a watan Agusta na 2009 kuma Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda tarin basussukan da ba sa biyuwa. Masu ƙaramin jari, waɗanda suka sayi hannun jarin bankuna da kyakkyawan zato, sun ji jiki ƙwarai.

Ka kuma lura ko shugabannin suna sayar da nasu hannun jarin a daidai lokacin da suke kwarzanta kamfanin. Duk wanda ya yanke maka ribar wata-wata, ya ce babu faɗuwa, ka rabu da shi, domin haka MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta yi kafin ta rufe da kuɗin mutane a 2016.

Idan ka saya, ka tabbatar an shigar da hannun jarin da sunanka a asusun CSCS, wato kamfanin da ke adana bayanan masu hannun jari, ka adana rasit da duk takardar da aka ba ka, domin da su za ka kai ƙorafi SEC in ka ga an yaudare ka.