Yadda Ake Koyar da Sauyin Yanayi a Cikin Kowane Darasi

Ba sai an ƙirƙiro sabon darasi ba. Jadawalin makaranta a cike yake, malamai kuma aiki ya sha musu kai. Abin da ya fi shi ne kowane malami ya ɗauki nasa kason a cikin darasin da ya saba koyarwa.

Da farko, malamai su zauna kafin a shiga zango, su buɗe manhaja, kowa ya nuna inda batun ya faɗo a ɓangarensa. Wannan zaman ne zai hana yaro jin ma'anar ɗumamar duniya daga bakin malamai biyar, alhali bai taɓa auna komai da hannunsa ba.

Sai malamin kimiyya ya aza tubali. Ya shimfiɗa ƙyalle baƙi da fari a rana, ya sa ma'aunin zafi a ƙarƙashin kowanne, ɗalibai su riƙa dubawa duk minti biyar suna rubutawa. Baƙin zai fi zafi. Daga nan bayani ya zo da sauƙi: farar ƙanƙarar Arewacin duniya tana mayar da hasken rana sama, in ta narke kuwa, ruwan teku mai duhu ya shanye zafin.

Malamin lissafi ya karɓa da alƙaluma na gaske. Tun 1958 ake auna iskar kabon, wadda ke riƙe zafi a sararin duniya, a tsaunin Mauna Loa da ke Hawaii. A lokacin tana kusan kashi 315 cikin miliyan, yanzu ta haura 420. Su zana jadawalin da kansu. Za su ga layin yana hawa, amma kowace shekara yakan ɗan sauka kafin ya sake tashi. A tambaye su dalili, kada a yi saurin faɗa musu cewa tsirrai ne ke zuƙe iskar lokacin da suke tofo. A ganina wannan tambayar ta fi haddar shafi goma amfani.

Malamin tarihi ya kawo juyin masana'antu da ƙona kwal a Ingila, har zuwa Yarjejeniyar Paris ta 2015, wadda ƙasashen duniya suka ƙulla don rage ɗumamar duniya. Malamin harshe ya shirya muhawara a kai.

Sannan a ba yaran aikin yi, domin tsoratarwa kaɗai kashe gwiwa take yi. Wani aji ya riƙa karanta mitar lantarki kowane mako, wani ya auna sharar makaranta. In an dasa bishiyoyi, a rubuta sunan mai ba kowacce ruwa, har da lokacin hutu.