Yadda ɗan majalisa zai tsare gwamnati a kan yarjejeniyoyi da gyaran kotuna a Ghana

A Nima da Mamobi da Sabon Zango, idan aka ce za a ga Onarabul, yawanci maganar kuɗin makaranta ce, ko gyaran kwata, ko gudummawar jana'iza. Duk buƙatu ne na gaske. Amma akwai aikin da sai mai kujera a majalisa yake iya yinsa: tambayar gwamnati abin da ta sa wa hannu da sunan ƙasa, da yadda take tafiyar da sha'anin kotuna. Wannan bayani domin ɗan majalisa ne da mataimakansa, da ƙungiyoyin zango masu son tura shi ya yi aikin.

A fara da samo takardar yarjejeniyar kanta, kafin a je gidan rediyo. Wanda ya yi magana a kan abin da ya ji a bakin mutane, minista zai kayar da shi da jimla guda. Idan ba a ajiye takardar a gaban majalisa ba, a rubuta wa jami'in ba da bayanai na ma'aikatar harkokin waje a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2019, wadda ta ba shi kwana 14 ya ba da amsa. A kai kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi.

Da takarda ta shigo hannu, sai a gane sashen kundin tsarin mulki na 1992 da ya hau kanta. Yarjejeniya tsakanin Ghana da wata ƙasa tana ƙarƙashin sashe na 75. Rance da huldar kasuwanci ta ƙasa da ƙasa da gwamnati ke ciki, sashe na 181. Ba da haƙƙin haƙar zinariya, mai ko wani arzikin ƙasa, sashe na 268. Idan kuma akwai yafe haraji a ciki, sashe na 174 ya ce sai majalisa ta yarda tukuna.

Sashe na 75 ne ya fi buƙatar natsuwa. Shugaban ƙasa yana da ikon sa hannu, amma sai majalisa ta tabbatar, ko dai ta hanyar yin doka, ko ta ƙudirin da fiye da rabin dukkan 'yan majalisa suka goyi baya. A lura da kalmar "dukkan". Kujerun majalisa 276 ne yanzu, saboda haka ana buƙatar ƙuri'u 139, ba rinjayen waɗanda suka halarci zama kawai ba. Nan ake yawan yin sakaci: kakakin majalisa ya tambayi masu "eh" da masu "a'a", murya ta tashi, a wuce. Ƙarar murya ba ta nuna 139. Ɗan majalisa ya miƙe nan take ya nemi a ƙirga kai, adadin ya shiga kundin Hansard, inda ake rubuta duk abin da aka faɗa a zaman majalisa. Idan ya bari sai gobe, ya makara.

Wata dabarar da gwamnatoci ke yi ita ce sauya wa yarjejeniya suna, a ce ai takardar fahimtar juna ce, ko musayar wasiƙun diflomasiyya. Kotun Ƙoli ta riga ta yi magana a kan wannan. A Janairun 2016 gwamnati ta karɓi 'yan Yaman biyu da Amurka ta sako daga gidan yarin Gwantanamo ba tare da ta je majalisa ba. Wasu 'yan ƙasa biyu suka kai ƙara, a Yunin 2017 kotu ta ce an saɓa wa sashe na 75, ta ba gwamnati wata uku ta nemi amincewar majalisa ko ta mayar da mutanen. Abin dubawa shi ne nauyin da takardar ta ɗora wa ƙasa, ko da wane suna aka kira ta.

A cikin kwamiti ake cin nasara ko a sha kashi. Sashe na 103 ya ba kwamitocin majalisa ikon babbar kotu wajen kiran shaida, rantsar da shi, da tilasta a kawo takardu. A karanta yarjejeniyar sakin layi bayan sakin layi: shekara nawa za ta yi, ta yaya Ghana za ta fita idan ta cutu, wace kotu za ta saurari rigima, wa aka ba kariya daga shari'ar ƙasa, nawa aka yafe na haraji. Duk ƙorafi ya shiga rahoton kwamiti a rubuce. A Maris na 2018 marasa rinjaye sun fice daga zaure a kan yarjejeniyar tsaro da Amurka, masu rinjaye kuma suka amince da ita. Ficewa tana jan hankalin jama'a, amma ba ta tsayar da komai idan ɗaya ɓangaren yana da adadi.

Tambayar da za a yi wa minista a zaure ta zama magana ɗaya, mai neman kwanan wata ko adadi. "Me gwamnati ke yi a kan cunkoson gidajen yari?" tambaya ce da za a amsa da dogon jawabi. A maimakon haka a ce: "Mutum nawa ne a gidan yarin Nsawam suka wuce shekara ɗaya suna zaman jiran shari'a, kuma yaushe za a kai su gaban alƙali?" A tanadi tambayoyin bi-baya tun daga gida. Idan minista ya ɗauki alkawari, a ciro shafin Hansard a miƙa wa kwamitin da ke bin alkawuran gwamnati.

Sha'anin kotu yana da iyakar da ba a tsallakewa. Sashe na 127 ya hana majalisa da shugaban ƙasa tsoma baki a aikin alƙali, don haka kada a roƙi Onarabul ya yi magana a kan shari'ar ɗan'uwa da ke gaban kotu. Filinsa shi ne tsari. Alƙalin alƙalai da alƙalan Kotun Ƙoli sai da amincewar majalisa ake naɗa su, kuma zaman tantancewa dama ce ta tambaya a kan jinkirin shari'a da ƙarancin kotuna. Sashe na 128 ya ce alƙalan Kotun Ƙoli, ban da shugabansu, kada su gaza tara, amma bai faɗi iyakar yawansu ba. Sashe na 146 kuma ya sa binciken tsige alƙali ya gudana a asirce, abin da ya jawo muhawara mai zafi lokacin da aka cire alƙaliyar alƙalai Gertrude Torkornoo a Satumban 2025. Abin da ya fi taɓa gidajen zango shi ne ƙa'idar kai wanda aka kama kotu cikin awa 48, da kuɗin hukumar ba marasa hali lauya kyauta. Lokacin kasafin kuɗi ake kama waɗannan.

Ɗan majalisa yana iya kawo ƙudirin doka na kansa, sai dai sashe na 108 ya hana shi kawo wanda zai ɗora wa baitulmali kashe kuɗi, don haka a tsara shi da lauya tun farko. Ƙuri'ar tsawatar wa minista tana buƙatar sa hannun mutum 92 da sanarwar kwana bakwai, sannan ƙuri'u 184 kafin ta wuce. Wadda aka kawo a kan ministan kuɗi Ken Ofori-Atta a Disamban 2022 ta tsaya a 136.

Idan duk ƙofofin majalisa sun rufe, sashe na 2 ya ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa Kotun Ƙoli kai tsaye. Lauya zai nemi kwafin yarjejeniyar, wasiƙar nan mai hatimi, rahoton kwamiti, da shafin Hansard mai ɗauke da adadin ƙuri'u.