Yadda Ake Haɗa Ayyuka Da Yawa A Bugu Ɗaya

A ƙaramin aikin ofset, wato bugun takardu da injin da ke amfani da faranti, shirin inji ne ke cinye kuɗi. Aiki mai cikakkiyar kala faranti 4 yake ci (faranti shi ne siririn ƙarfen da ke ɗauke da hoton aikin, kowace tawada da nata), ga wankin inji, ga takardun da za a ɓata kafin kala ta zauna. Ko kwafi 100 za ka buga ko 5,000, kuɗin shirin ɗaya ne. Shi ya sa ake tara ayyukan mutane a faranti guda a raba musu shi.

Fara da ware ayyukan bisa takarda. Katin kasuwanci mai giram 300 ba ya zama da fulaya mai giram 130, komai roƙon mai aiki. Mai son laminashin ma ya jira 'yan uwansa.

Sai lissafin gurbi. Takardar SRA3, wato milimita 320 da 450, tana ɗaukar A6, wato kashi ɗaya cikin huɗu na takardar A4, guda 8. Idan mutum ɗaya na son 2,000, wasu biyu kuma 1,000 kowanne, ba na farko gurbi 4, sauran biyu-biyu, ka buga takarda 500. Ka ƙara wasu a kai saboda ɓarnar shiri. Rarar milimita 3 a kowane gefen aiki, wato kalar da ta wuce layin yanka, dole ce, sannan ka bar wa haƙoran inji kamar milimita 10 inda suke kama takarda.

Inda na ga sababbin hannu suna faɗuwa, ni ma kuma a nan na faɗi, shi ne jeren kala. Maɓallan da ke ƙara ko rage tawada a inji layi-layi suke aiki, daga kan takarda zuwa ƙasanta. Duk abin da ke layi ɗaya tawada ɗaya zai sha. Na taɓa sa fulaya mai jan bango a saman katin gayyata mai hoton fuska. Mai inji ya buɗe ja don fulayar ta cika, sai fuskar ta fito jawur kamar an mare ta. Ya rage, fulayar ta koɗe. Muna tsaye takardu na ta zuba, babu yadda za a gamsar da su biyun, ƙarshe sai da na sake faranti daga aljihuna. Don haka masu nauyin tawada su bi layi guda, masu farin bango nasu layin daban. Aikin da mai shi ke son kalar tambarinsa ta fito daidai ba ƙari ba ragi, ni ba na haɗa shi da kowa, ya biya nasa bugun.

Jera ayyukan yadda wuƙar injin yanka za ta ratsa daga gefe zuwa gefe, don ba ta iya kwana. Bari tawada ta bushe kafin yanka, in ba haka ba za ta shafi bayan takarda. Kana yankewa ka ɗaure na kowa daban, ka rubuta suna a kai.