Yadda Malami Zai Shirya Darasinsa na Kullum

Malamai da yawa a makarantun firamare na birnin Kano suna rubuta shirin darasi ne domin hedimasta ya sa hannu, da zarar ya sa kuwa sai littafin ya koma jaka. Alhali kuwa malamin ne ya fi kowa bukatarsa, musamman idan aji ya cika maƙil, wasu yara a kan benci, wasu a ƙasa.

Da farko malam ya duba manhajar da NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, ta tsara, da rabon aikin zango da aka ciro daga cikinta, ya ga abin da ya faɗo a wannan makon. Daga nan sai ya rubuta manufa guda ɗaya tak wadda za a iya aunawa. "Yara su fahimci rabawa" ba manufa ba ce, domin babu mai iya leƙa zuciyar yaro. Amma idan ya rubuta cewa kafin a kaɗa ƙararrawa kowane ɗalibi zai iya raba 24 gida 4, to ya san inda ya dosa.

Kayan koyarwa ba sai an kashe kuɗi ba. Marafan kwalba daga wurin mai lemo a unguwa, ko ƙwallon dabino, sun isa a koyar da wannan rabawar, yaro ya tsuguna ya kasa su kashi huɗu da hannunsa, ya ƙirga shida a kowane kashi. Idan darasin tarihi ne, ga ganuwa da Dutsen Dala da marinar Ƙofar Mata, waɗanda yaran suka sani da idonsu.

Rabon lokaci ne ya fi kayar da malamai. Darasi ba ya wuce minti 35 zuwa 40, saboda haka a ware minti biyar don tuna na jiya, goma sha biyar don bayani, sauran kuma a bar wa yara su yi aiki, malam yana zagayawa tsakaninsu da jan biro. A ganina, malamin da ya cinye lokacin duka yana magana bai koyar ba, wa'azi ya yi. A kuma tuna cewa ana tashi da wuri ranar Juma'a, sannan darasin bayan hutun tara a lokacin bazara yana bukatar motsi fiye da na safe.

A ƙasan shafin a bar layi uku babu rubutu. Bayan an tashi, malam ya rubuta waɗanda ba su gane ba da inda suka cije, domin daga nan darasin gobe zai fara.