Yadda ake bin sawun ƙaramin jirgin marigayi ta tsofaffin takardu

A Zariya ba abin mamaki ba ne ka ji ana cewa "ai Baba ya taɓa mallakar jirgi" ko "Kawu da kansa yake tuƙa abinsa zuwa Jos", tunda dai garin da aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ne tun 1964, duk wanda ya tashi a Palladan ko Hanwa ko Samaru ya saba da ƙarar ƙananan jiragen nan suna kewaya samansa tun da sassafe. Amma da mai abu ya rasu, Allah Ya jiƙan magabatanmu, sai ka tarar abin da ya rage bai wuce hoto ɗaya da labarin baki ba, kuma kowa da nasa: Gwaggo ta ce sayarwa aka yi, Baffa ya ce faɗuwa ya yi a daji, wani kuma ya rantse yana nan Kaduna ciyawa ta rufe shi. To ana iya gano gaskiyar fa, don jirgi ba ya tashi sai da takarda, ba ya canza hannu sai da takarda, ko kwance shi za a yi a sayar da ƙarafan sai an rubuta an soke rajistarsa.

Kafin ka taɓa waya ko kwamfuta, fara da gida. Ka nemi izinin iyaye mata a buɗe akwatin ƙarfen nan ko adakar da ake ajiye takardun marigayi, kuma don Allah a yi da wuri, gara da damshin damina ba sa jiran kowa. Abin da kake nema na farko shi ne logbuk ɗinsa na matuƙi, wani littafi mai faɗi mai kauri a bango, kowane layi tafiya ɗaya ce: kwanan wata, irin jirgin, lambarsa, daga ina zuwa ina, awa nawa. Wani lokaci za ka ga sunan gari a rubuce, wani lokaci haruffa huɗu kawai, DNZA Zariya ke nan, DNKA Kaduna, DNKN Kano, DNJO Jos, DNMM Legas. Ka bi shafukan da yatsa kana duba wace lamba ce take ta maimaituwa, sannan ka lura da ranar da ta fara bayyana da ranar da ta ɓace, waɗannan ranaku biyu su za su nuna maka shekarun da za ka bincika a ko'ina daga baya. Bayan logbuk sai lasisi, takardar inshora, rasit ɗin mai, rasit ɗin gyara, takardar kwastan ta shigo da kaya, wasiƙun banki, duk ka ɗauke su hoto gaba da baya kafin ka fita da ko ɗaya daga gidan. Littattafan jirgin kansa, na gangar jiki da na inji da na farfela, su kam bin jirgi suke yi in an sayar, saboda haka idan ka same su a gida wannan ma labari ne, alama ce mai ƙarfi cewa jirgin bai koma hannun wani yana tashi ba.

Hoto ma takarda ce. Kada ka ɗauke shi da waya a hannu kana rawa, kai shi wurin masu sikanin a Samaru ko Kongo ka ce su sa shi a mafi girman ƙarfi, sai ka buɗe a kwamfuta ka ƙara girman jikin jirgin tsakanin fiffike da jela, da ƙarƙashin fiffiken. Sau da yawa mutum ya tsaya daidai gaban lambar da babbar riga ya rufe harafi ɗaya ko biyu, ba komai, rubuta waɗanda suka fito. Ka kuma duba ina fiffiken yake, in a sama yake kamar rumfa da sanda tana tokare da shi to mai yiwuwa Cessna ne, irin su 150 ko 172 ko 182, in kuma a ƙasa yake ana taka shi a shiga to ka fara tunanin Piper Cherokee ko Beechcraft. Juya bayan hoton, tambarin mai ɗaukar hoto da shekara suna yawan zama a can.

Yanzu ga inda yawancin mutane suke ɓata. Jirgi lamba biyu gare shi. Akwai lambar rajista wadda ake rubutawa da fenti, ta Nijeriya tana farawa da 5N sai haruffa uku, kafin 'yancin kai na 1960 kuwa VR-N ce. Ta Ingila G, ta Amurka N, Nijar 5U, Ghana 9G, Kamaru TJ, Chadi TT. Wannan lambar canzawa take yi duk sanda jirgi ya koma wata ƙasa, a Amurka ma har sake ba wani jirgin daban ake yi bayan an soke ta. Ɗayar ita ce siriyal lamba da kamfanin da ya ƙera shi ya buga a kan wani ɗan faranti na ƙarfe wanda wuta ba ta ci, a maƙale a jikin jirgin, ita ba ta canzawa har ya mutu. Kamar dai lambar mota da lambar casis. Don haka duk wahalar da za ka sha da farko ta maida 5N ɗin nan zuwa siriyal ce, da ka same ta ka kama igiyar. Tana kan satifiket na rajista da na ingancin tashi, tana kan inshora, galibi tana kan takardar kwastan. In ka ga Cessna mai F a gaban samfurinsa, kamar F172, to a Faransa aka haɗa shi a kamfanin Reims, kada ka ɓata lokaci kana neman asalinsa a Amurka.

Daga nan ni a ganina mutane ne gaba da ofis. Mu a Zariya Allah Ya hutar da mu a nan, tsofaffin injiniyoyi da malaman tuƙi da suka yi ritaya daga Abiyeshan, wato makarantar koyon tuƙin jirgin nan, da yawansu ba su bar garin ba, kuma duniyar jirage a Arewa a shekarun 1970 da 1980 ƙarama ce, kusan kowa ya san kowa. Nemi wanda zai haɗa ka da su, ka je gida da ladabi bayan la'asar, ba a waya ba, ka gaisa sosai ka faɗi ɗan waye kai sannan ka miƙa hoton. "Baba, ko kun san wannan jirgin?" ya wadatar, sai ka yi shiru. Makanikin jirgi yana iya manta sunan mai jirgi amma ya tuna haruffan jela da matsalar da injin yake ba shi, wasu ma suna da nasu littafin aiki da suke rubuta kowane jirgin da suka sa wa hannu saboda lasisinsu. Ka roƙi izini ka naɗi muryarsu. Waɗannan bayin Allah kullum raguwa suke yi, fayil zai iya jiranka shekara biyar amma su ba tabbas. Ka tambaye su a ina ake kai shi babban gyara, don ƙananan jirage da yawa tsohon filin jirgi na Kaduna ake kai su, inda kamfanin Dornier yake da hanga, wato rumfar ajiye jirage da gyara su, wasu kuma Jos ko Legas.

Rajistar jiragen farar hula tana hannun NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2000, kafin ita sashen sufurin sama na ma'aikatar tarayya da hukumomin da suka gabace ta ne suke riƙe da ita, ka ga ke nan tsohon fayil ya sha ƙaura daga hannu zuwa hannu. Rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, gajera, ka sa lambar 5N, siriyal in kana da ita, irin jirgin, shekarun, sunan marigayi da dangantakarku, ka haɗa da kwafin takardar shaidar rasuwa da ta kotu da ke nuna kai magaji ne. Ka faɗi takamaiman abin da kake so: ranar rajista, sunan da aka yi ta da shi, canjin hannu, ranar sokewa da dalilinta. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ka ambace ta cikin girmamawa, ka kuma tabbata an buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Abu ɗaya da zan ja hankalinka a kai, kada ka nema da sunan mutum kaɗai. Jirage da yawa da sunan kamfani aka yi musu rajista, na gine-gine ko na auduga ko na fatu, saboda haka ka binciko sunayen kamfanonin marigayi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka lissafa su duka a wasiƙar.

Da siriyal a hannu sai intanet ta yi amfani. Yawancin ƙananan jiragen nan daga Amurka ko Ingila aka shigo da su, wasu kuma can suka koma. Shafin rajista na FAA, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, ana bincika shi kyauta da siriyal ko da lambar N, har da ɓangaren waɗanda aka soke inda ake nuna ƙasar da aka fitar da jirgi zuwa gare ta, kuma ofishinsu na Oklahoma City yana sayar da kwafin fayil ɗin jirgi gaba ɗaya a kan 'yan daloli, a ciki akwai takardun ciniki hannu bayan hannu da na manyan gyare-gyare. Na Ingila sunansa G-INFO, sun ma yi sikanin tsofaffin shafukan rajista. Sai ƙungiyar Air-Britain, masu sha'awar tarihin jirage ne da suka shafe shekaru suna tattara rajistar ƙasashe har da tamu, a jerinsu za ka ga siriyal da tsohuwar lamba da makomar jirgi a layi ɗaya. Ka rubuta lambar a Google cikin alamar zance, ka gwada da karan tsakiya (ɗan layin da ake sawa tsakanin 5N da haruffan) ka gwada babu, ka leƙa Flickr da airliners.net, Turawan da suka yi aiki a nan sun ɗauki hotuna da yawa. Duk abin da ka gani a irin waɗannan wurare ka riƙe shi a matsayin sawu har sai takarda ta biyu ta gaskata shi, kuskuren harafi ɗaya yana kai ka ga jirgin wani.

In maganar haɗari ce, duba shafin Aviation Safety Network mai tattara bayanan haɗurran jirage, sannan NSIB, hukumar binciken haɗurra ta Nijeriya wadda ta gaji AIB a 2022, tana da rahotannin bincike. Na shekarun baya sosai jarida ta fi saurin ba da amsa. New Nigerian ta fara fita a 1966, Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939 a nan Zariya, ka nemi tsofaffin kundinsu a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a ABU, ko Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Je da watan da logbuk ya tsaya, ka karanta makonnin da ke kewaye da shi, kada ka tsallake shafin tallace-tallace da sanarwar gwanjo.

Ka shirya zuciyarka tun yanzu, amsar ba lallai ta zo yadda gida suke ba da labari ba. Yana iya fitowa jirgin na kamfanin da yake wa aiki ne, ko na kulob ɗin matuƙa da ake haya da awa, ko su uku suka haɗa kuɗi suka saya. Wannan bai rage wa marigayi komai ba, mutumin da ya zauna ya koyi tuƙi ya ɗaga jirgi shi kaɗai a wancan zamani ya yi abin a yaba, sai dai ka san yadda za ka faɗa wa Hajiya, a hankali kuma ba a gaban jama'a ba. In ka tarar yana tashi har yanzu a wata ƙasa, rubuta wa mai shi wasiƙa mai taushi da kwafin tsohon hoton, ka bayyana tun a layin farko cewa tarihi kake nema ba da'awa ba, ka roƙi hoton shafukan logbuk na shekarun da ya yi a Nijeriya, wataƙila ka ga sa hannun mahaifinka a ciki.

Idan kuwa ka same shi a yashe a gefen wani fili kuma rajista ba ta taɓa barin sunan marigayi ba, to magana ta zama ta gado. Kada ka cire ko ƙusa ɗaya, ballantana farantin siriyal. Sanar da sauran magada maza da mata a rana ɗaya, a tambayi hukumar filin ko akwai kuɗin ajiya da ya taru a kansa, don bashi ake fara biya kafin rabo, a samo injiniya mai lasisi ya duba injin da farfela ya yi musu kuɗi a rubuce, sannan a kai wa alƙalin da ya raba gadon farko ya shigar da shi.